Fitilar da Gwamnati Ke Nema

Ko na manta da komai na aikin nan, ba na manta ranar da na shiga rumbun mutane da kayan biro, wato na ofis, a jikina. Ku yaran da kuka zo bayanmu kuna jin ana ce mini Mushe Rumbu, Mushen Faransanci da ake kiran ma'aikata da shi, kuna dariya, to ga asalin sunan.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin sa ido kan kayan kasuwa a Tanout. Aikinmu shi ne duba ma'auni da kayan da suka lalace. In kuma aka gano wani kaya yana da haɗari, sai umarni ya zo daga sama a janye shi: a hana sayarwa, a kwashe na kanti, a nemi waɗanda suka riga suka saya su maido. A tsakiyar bazara umarni ya zo kan wata fitila mai caji da rana, mai jan murfi. Batirinta yana kumbura in ya sha zafi, wani lokaci ya kama da wuta. Ga araha, ga haske, ta cika ƙauyuka.

Shef, shugaban ofishinmu, ya kira ni ya ce, "Ka sanar a kasuwa, amma kada ka tada hankalin jama'a."

Ni kuwa a lokacin ji nake babu mai dabarata a ƙasar Damergou kaf. Na ce a raina, in ban ambaci wuta ba ai hankalin kowa ba zai tashi ba. Ranar kasuwa na sami mai shela, na ce ya faɗa cewa gwamnati tana neman fitila mai jan murfi, duk mai ita ya kawo biro. Ya tambaye ni dalili. Na ɗaga masa hannu irin na manya, na ce wannan sirrin aiki ne.

Na jera kujeru, na share kusurwar da za a tara fitilu, na zauna jira. Ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Da na zaga kantuna kuma, ko ɗaya babu, alhali jiya-jiya suna rataye kamar albasa. Kafin kasuwa ta sake zagayowa labari ya kai har garin Tarka cewa akwai wani abu mai tsada a cikin batirin, shi ya sa gwamnati ta matsu. Kuɗin fitila ya ninka, mai ita ya ɓoye, marar ita ya shiga nema.

Sai na fito da kaina ina faɗin gaskiya, har muryata ta dishe. Wani ɗan kasuwa ya zaunar da ni, ya zuba mini shayi, ya matso kusa da kunnena.

"Mushe, tsakanina da kai, nawa za ku saya?"

"Alhaji, wallahi wuta take kamawa!"

Ya yi murmushi. "To in wuta take kamawa, me gwamnati za ta yi da ita?"

Duk rantsuwar da na ƙara, sai su ƙara yarda cewa wayo nake musu.

Ana cikin haka wata dattijuwa, Inna Hajo, ta zo biro daga wani ƙauye kusa da Gangara. Ta ce mijinta, Malam Gambo, ya sayi fitilun nan da dama, ya tura su cikin rumbu a tsakanin dammunan gero. Ita ta ji maganata a kasuwa, kuma da safe ta ji wani wari kamar ana ƙona roba. Ta ce, "Ɗana, geron nan shi ne cinmu har kaka. In ya tafi ba mu da wani."

Nan take na miƙe. Na ɗauke ta a moto, wato babur ɗin aiki, muka isa rana na tsaka. Malam Gambo ya tare ni da fara'a, yana zaton ciniki ya zo har gida. Da ya ji abin da ya kawo ni sai fuska ta canza.

"Ba fitila a gidan nan, Mushe."

Inna Hajo ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Ta jawo tsani da kanta ta jingina.

Ban jira izini ba. Na ture hular rumbun, na zura ƙafafu. Ku dube ni yanzu, to a lokacin ma ba siriri ba ne. Tumbina ya tsaya a bakin rumbu, rabi ciki rabi waje, maƙwabta sun taru suna ba ni shawara. Da ƙyar na zurma. Ciki zafi kamar tanda, ƙaiƙayi ya shige mini riga, ina susa ina atishawa ina tono. Ina samun fitila ina jefowa waje. Ta can ƙasa ta kumbura, murfin ya tsage, ta ƙona mini yatsu. Na wurgo ta da ihun da har yau nake musun ni na yi.

Ta faɗi kan rairayi, ta yi huci, hayaƙi ya taso, sai wuta. Ni ban gani ba, ina ciki. Salatin mutane kawai na ji. Da aka jawo ni waje, fari fat da ƙura, takalmi ɗaya, na tarar da Malam Gambo a tsugune yana kallon inda wutar ta ƙone, yana kallon rumbunsa.

Ya ce, "Mushe, da ka gaya mana haka tun farko."

Na ce, "Malam, ai na faɗa! Har muryata ta tafi."

Ya girgiza kai. "Ka faɗa daga baya. Mutumin da ya fara ɓoye maka, ta yaya za ka san ranar da ya daina?"

Na nufi moto ina susa. Kafin in tada moto, maƙwabta sun fara fitowa da nasu, daga ƙarƙashin katifa, daga cikin tukwane, wani ma daga aljihu.

Don haka in aka ba ku aikin janye kaya, ku fara da dalili, da Hausa, a fili: yana ƙonewa, yana sa ciwo, yana kisa. Mutanenmu ba sa gudun gaskiya mai ban tsoro. Amma in ka bar musu rami a magana, su za su cike shi da kansu, kuma geron wani ne zai biya.