Kalmar da na zaɓa wa abokin aikina

Shekarun baya, lokacin ina sakataren wata ƙungiyar masu lambu a bakin tafkin Madarumfa, wani injiniya na Katsina ya haɗa mana manhajar jera sunayen waɗanda za a raba wa iri. Abokin aikina ke shigar da sunayen a ordinatar, wato kwamfuta. Mutum ne mai shiru-shiru, ni kuwa Allah ya yi ni da rashin yarda da mai shiru.

Ranar rabo aka fitar da takarda, sai ga sunaye da yawa babu su, galibi na mutanen wajen Gabi. Suka cika ƙofar biro, wato ofishinmu, da faɗa. Na duba, sunan ƙanin matar abokin nawa kuwa yana nan daram. Na ce a raina, lallai!

Shugaban ƙungiya ya ce in rubuta wa injiniyan, tunda wai ni ne mai Ingilishi. Ingilishin nawa kuwa na kasuwar Jibiya ne. Na buɗe ƙamus a waya, sai ga kalmomi reras. A lakwal, makarantar bokonmu ta Faransanci, "erreur" guda ta ishe mu komai, amma nan an raba. "Mistake" kuskuren mutum ne. "Bug" ciwo ne a cikin manhajar kanta. "Error" kuwa tana tsakiya, ba ta nuna kowa da yatsa.

Abokina ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malam, sa bug. Wallahi da hannuna na shigar da su."

Na ce, "Kai kuma a ina ka san bug?"

Ya ce, "To ko error ɗin ka sa, don Allah."

Wannan roƙon ne ya ƙarasa ni. Me zai sa mai gaskiya ya tsaya zaɓar wa kansa kalma? Na rubuta "mistake", na tura. Ba a jima ba injiniya ya amsa: in mistake ne ba ruwansa, mu binciki mai shigarwa. Shugaba ya karɓe makullin biro daga hannun abokina a gaban jama'a. Abokina bai yi gardama ba, bayan sati ya tafi ci-rani Najeriya.

Aikin ya dawo hannuna, sunaye suka daina ɓacewa, na dinga yawo ina hura hanci. Sai wata rana na zo kan sunan mahaifina, na ce bari in rubuta shi da kyau, da ɗ mai lanƙwasa. Na adana, na buɗe, babu shi! Na gwada ƙ, na gwada ɓ, duk manhajar ta haɗiye. Ashe shi bawan Allah daidai yake rubuta Hausa, ni ne malalacin da ke buga d da k in wuce.

Har yau in na tuna kunya nake ji, don ba jahilci ya ja ni ba. Na gaya wa shugaba, ya ce a maida shi aikinsa. Da damina ta kawo shi gida, na tare shi a tasha na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Aikin ku riƙe. Abu guda nake son ji. Ranar nan, ka san bambancin kalmomin, ko ba ka sani ba?"

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To, madalla." Ya ɗauki jakarsa ya hau amalanke mai zuwa ƙauyen Safo.