Na Shayar da 'Yata a Zaune, Kaina Yana Sarawa

Tun cikina na fari yana ƙarami nake tsoron allurar da ake yi wa mace a gadon baya idan za a yi mata aiki. A ƙauyenmu, kusa da Dutsi, cewa ake wadda aka yi wa ba ta sake miƙewa daidai, ni kuwa duk abin da na ji sai ya zauna mini. Da naƙuda ta ƙi ci gaba aka kai ni asibiti a Daura. Mai allurar ya ce in sunkuya in tsaya cak, ni kuwa don tsoro na yi ta motsi. Sai da ya soka ya zare, ya sake sokawa, kafin ƙafafuna su mutu. Aka ciro mini 'ya mace lafiya.

Ciwon kan ya fara ana shirin sallamarmu, na yi shiru don kada a riƙe mu. A gidan iyayena, inda na je wankan jego, na gane halinsa: in na kwanta sai ya lafa, in na zauna ƙeyata ta ɗau sara, wuyana ya sandare. Na so in riƙa shayarwa a kwance, kakata ta hana, wai nono zai zuba wa yarinya a kunne, kuma su da suka haihu a ɗaki ba su san wannan ragwancin na 'yan zamani ba. Sai a jingina ni da bango a ɗora mini yarinyar. Ba na jimawa amai ya taso, in cire ta tana kuka. Washegarin suna na lura ko kukan ta daina, fitsarinta ya ragu, maɗigarta ta lotsa.

Mijina ya mayar da mu asibiti. Nas ta ce yunwa ce da ƙishirwa, mun zo a kan gaɓa. Ciwon kan kuma, ta ce, 'yar huda ce allurar ke bari, ruwan lakar gadon baya yana tsiyaya, ya fi faruwa idan allurar mai kauri ce ko an yi ta sokawa. Aka ba ni magani, aka ce in kwanta in sha ruwa, aka gwada mini shayarwa a kwance a gefen haƙarƙari. Yarinyar ta murmure kafin ni.

Na koyi cewa haƙurin mai jego wani lokaci jaririnta ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Don Allah, idan maijegonku ta ce kanta ba ya barin ta zauna, ku bar ta ta kwanta da ɗanta, ku mayar da ita inda aka yi mata allurar.