Shirin hawan Mambila

Abokina ne ya kawo maganar. Likitan dabbobi ne, a Taraba ya yi bautar ƙasa, kuma tun da ya dawo bakinsa bai huta da zancen tsaunin Mambila ba. Wata rana da la'asar, a tsakiyar bazara, muna zaune gaban shagon wani mai lemo a unguwar Gidan Igwai cikin Sakkwato, zufa na bin bayanmu, ya ce mu ɗauki hutu mu tafi. Za mu hau dutse da ƙafa, mu kwana biyu a daji cikin tanti, mu sauko.

Na ce to. Kalmar sanyi kawai na ji a cikin bayaninsa. Da na isa gida a unguwar Minanata, matata ta tambaye ni wa za mu je gani a can.

"Ba kowa," na ce.

"Aiki na?"

"A'a. Tahiya dai."

Ta dube ni, ta ci gaba da tsinar shinkafarta.

Washegari abokina ya turo mini jerin kaya ta waya: tanti, jakar goyo, takalmi mai tauri, rigar ruwa, rigar sanyi, da wani abu wai jakar barci. Na karanta sau uku. Na kira shi na ce jakar barcin nan mi aka zubawa ciki? Ya ce ni za a zuba. Ya kuma turo taswira mai layuka a murɗe kamar hanjin rago, ya ce inda layukan suka matsu nan ne hawa ya yi tsanani. Na juya wayar sama da ƙasa, ko'ina a matse na gan su.

Neman rigar sanyi a Sakkwato cikin bazara shi ma aiki ne. Mai gwanjon da na samu ya kwance wani ƙulli daga can ƙasan kaya, ya miƙo mini riga mai gashi a wuya, ya ce Allah shi ba mai jiki lahiya. Na ce amin, don bayanin zai yi tsawo.

Akwai ɗan jagora da abokina ya sani a can. Mun kira shi sau da yawa, muryarsa na zuwa tana yankewa. Na ji ya ce ruwa ya fara, na ji ya ce ruwa bai fara ba. Ya ce tafiyar awa huɗu ce, abokina ya rantse shida ya ji. Da na tambaya ko akwai namun daji, sai ya yi dariya, layin ya ɗauke. Na kwana biyu ina juya dariyar nan.

Tantin aro muka yi, ba takardar bayani. Ranar Asabar da hantsi muka baje shi a tsakar gidan mahaifina, don ya fi nawa fili. Sanduna ne siraran da roba a cikinsu, ka haɗa nan, can ya kwance. Ƙasan kuma siminti, turaku ba su shiga. Muka danne kusurwa ɗaya da turmi, ɗaya da jarkar ruwa.

Baba yana zaune kan tabarma a inuwa yana kallonmu. Tsohon falken shanu ne. A ƙuruciyarsa ya kora shanu da ƙafa har Kurmi, can kudu, kafin manyan motoci su karɓe aikin. Na daɗe ina gudun gaya masa, don na tabbata hanawa zai yi.

"Wanga mi na na?" ya ce.

Na durƙusa na yi masa bayani iya ganewata.

"Shanu za ku ɗauko?"

"A'a, Baba."

"An aike ku?"

"A'a."

Sannan ya ce in kawo takalmin da na saya. Ya lanƙwasa shi, ya shinshina, ya ce sabon takalmi ba ya zuwa daji, kafin azahar zai cinye mini dunduniya. Ya tambayi inda za mu sami ruwa, da wanda zai san mun ɓace in mun ɓace, da yadda za mu gane gabas in itace ya rufe rana. Abokina ya ce waya na nuna alƙibla. Baba ya ce wayar da ba ta iya kawo muryar mutum ɗaya daga can? Ya umarce mu mu ɗauki jakunkunan cike, mu taka zuwa garin Wamakko, mu ga abin da ƙafa za ta ce.

Muka fita bayan asuba. Ba mu yi nisa ba ɗan kabu-kabu na farko ya tsaya. Muka ce mun gode. Na biyu ya tambaya ko mota ce ta mutu. Wani dattijo kan keke ya bi mu a hankali yana ba mu haƙuri, bai faɗi na mene ne ba. Hanyar shimfiɗe take kamar faranti, ko tudun kirki babu, amma kafin rana ta ɗaga kafaɗuna sun mutu, dunduniyar hagu ta tashi. Muna dab da gari wani ɗan'uwanmu mai kai nama ya tsaya da motarsa, ya ce ba zai bari a ce ya gan mu haka ya wuce ba. Muka shiga. A hanya na tambayi abokina ko wannan ya nuna mun iya ko ba mu iya ba. Ya ce shi ma bai sani ba.

Ana jibi za mu tashi na je sallama. Baba ya sa aka ɗauko masa kilishi da ƙullin kanwa, ya ce kanwar ta ciwon ciki ce in ruwan wurin bai karɓe ni ba. Na miƙe zan fita ya ce in zauna.

"Na ratsa daji ya hi a ƙirga," ya ce, "amma ƙahwahun shanu kawai nika kallo. Ban san yadda saman itacen nan yake ba. In ka je ka ɗaga kai."

Mun je. Tafiyar ta ɗauki kusan wuni. Ruwa ya fara, ashe. Kwana biyun nan hazo fari ya rufe mu, ɗan jagora yana nuna mana inda ya ce kwari ne mai zurfi, mu kuwa ba ma ganin ko tsinin yatsansa sosai. Na ɗaga kai na ga rassa da wani koren abu yana reto a jikinsu kamar gemu, ruwa na ɗiga mini a ido.

Da na dawo na gaya wa Baba haka. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya tambaye ni ko shanun can suna da tozo. Ban lura ba.