Na Je Bangui Neman Ƙarshen Wasan Baba Panama

Mun tashi da asuba daga Garoua-Boulaï da ke bakin iyakar Kamaru, ni da wani abokina da muka yi wasan dandamali tare a ƙuruciya, muka tsallaka iyaka muka bi ayarin manyan motocin da ke kai kaya Bangui. Saƙo ne ya fito da mu. Matar tsohon malaminmu, Baba Panama, ta aiko cewa ɓarin jikinsa ya shanye, in ba mu son wasan Kwalekwale ya bi shi kabari, mu zo mu haɗa shi tun yana numfashi.

Hanya tana nan yadda na bar ta, sai dai ramukan sun hayayyafa. Damina ce, jar ƙasa ta kama tayoyi, ga shingen bincike kamar a gonar mai rowa. A Bouar muka ci gasasshen nama da rogo, mai naman ya yanka mana siriri har kana hango wuƙarsa ta ciki. Ƙullin gyaɗar da muke saye da canji a da, yanzu sai ka fiddo takarda. Abokina ya yi barcinsa, ni kuwa ina ta bita a zuci.

Bari in gaya muku ko wane ne Baba Panama, don na san yawancinku ba ku san shi ba. Mutumin ƙasar Panama ne, can hayin teku, kuma mai shirya wasan dandamali ne tun a ƙasarsu. Ya zo Bangui koyar da wasa na ɗan lokaci, zazzaɓi ya kwantar da shi, wani Bahaushe mai sayar da atamfa a unguwar Kilomita Biyar ya yi jinyarsa. Da ya warke bai koma ba. Ya musulunta, ya auri ƙanwar mai atamfar, ya koyi Sango, yaren ƙasar, da Hausa, duk da har ya tsufa bai daina ce wa mace "kai" ba. Mu yara mun ɗauka Panama wani gari ne gaba da Douala.

A bayan wani ɗakin ajiyar kaya yake tara mu, buhunan shinkafa su ne kujerun 'yan kallo. Akwai 'yan unguwar Kokoro, akwai Kiristoci daga unguwannin maƙwabta, teloli da masu tura baro. Yadda yake aiki kuwa daban ne. Ba ya rubuta wasa, kuma ba ya ba kowa wasan gaba ɗaya. Kowa zai ja shi gefe ya koya masa nasa maganganun kawai. Yakan ce in ka haddace maganar ɗan'uwanka ka daina saurarensa, jira kawai kake ya gama. Mun yi ta gunaguni, amma in muka hau dandamali mutane har kuka suke yi. Shi kaɗai ne wasan ke cikin kansa daga farko har ƙarshe.

Kwalekwale shi ne mafi girman aikinsa. Labarin wa da ƙane ne da suka gaji jirgin kamun kifi ɗaya a bakin kogin Ubangi, suka kasa rabawa. Ni ne ƙanen. Wani kafinta Kirista ne wan, kuma shi ne ke rufe wasan da dogon jawabi bayan ƙanen ya tafi da jirgin. Ban taɓa jin jawabin nan ba ko sau ɗaya, domin da na fita sai in zauna bayan labule ina kaɗa ruwa a baho don a ji motsin kogi, ƙarar ruwan ta cika min kunne. Kafintan ya rasu a lokacin rikicin da aka yi a ƙasar, yawancinmu muka watse, wasu Chadi, wasu Kamaru.

Mun kwana a hanya, washegari da hantsi muka shiga gari. Kasuwar Kilomita Biyar ta cika maƙil, atamfofi da wayoyi da kwanon rufi, masu babur suna kutsawa kamar a gidan ubansu. Na tambayi wani matashi hanya da Hausa, ya amsa min da Sango, na ji kaina baƙo a unguwar da aka yanke min cibiya. Ɗakin ajiyar da muke wasa a bayansa yanzu shagon siminti ne.

Inna, matar Baba, ta tarbe mu da gozo, tuwon rogon da na daɗe ina marmari, da miyar ganyen rogo. Sai da muka wanke hannu ta ce, "'Ya'yana, akwai abin da ban faɗa muku a waya ba. Tun da ciwon nan ya same shi, Hausa ta tafi, Sango ta tafi, Faransanci ma haka. Yaren uwarsa kaɗai ya rage. Ni da na yi zaman aure da shi duk tsawon nan, da hannu nake gane yana son ruwa."

Muka shiga, na durƙusa na ce, "Baba, sannu da jiki." Ya gane ni, ya riƙe hannuna ya yi ta magana da Sifaniyanci, ni kuwa sai gyaɗa kai. Mun nemi mai jin yaren a unguwar, ba mu samu ba.

Duk da haka muka ce a gwada. Bayan sallar Juma'a a Masallacin Koudoukou muka samo mutum biyu daga cikin tsofaffin 'yan wasan, aka fito da Baba tsakar gida a kujera. Kowa ya kawo abin da ke kansa. Sai wasan ya zama kamar tsohuwar tabarma, nan saƙa, nan rami. In faɗi tawa, in tsaya, babu wan da zai amsa min. Maƙwabta da suka leƙo suna jiran dariya suka nemi wuri suka zauna.

Da aka zo ƙarshe, na koma gefe na ja baho na fara kaɗa ruwa, don ban san abin da zan yi ba in ba shi ba. Tsakar gidan babu kowa a tsaye a wurin wan. Sai muka ji murya. Baba ne, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna kogi, yana yin jawabin kafintan da Sifaniyanci, da hawa da saukarsa, da wurin da ake shiru, hawaye na bin gemunsa. Na tsame hannuna daga ruwan. Karo na farko a rayuwata na ji jawabin nan daga farko har ƙarshe, kuma ban gane ko kalma ɗaya ba.

Babu wanda ya tuna ya ɗauki muryarsa a waya sai da ya gama. Abokina ya kunna tasa ya roƙe shi ya sake, Baba ya dube mu kawai ya rufe ido. Mun sake gwadawa kafin mu taho, bai ƙara ba.

Mun dawo gida lafiya, alhamdu lillahi, hanyar ta fi tsawo a dawowa. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, akwai dukiyar da ba ta zama a hannun mutum ɗaya, kowa da guntunsa, ranar da aka watse kuwa ta tafi ko da duk an tsira da kaya. Ku saka Baba a addu'a. Ni dai yanzu a shago nakan tsinci kaina ina faɗin maganganun ƙanen, sai in yi shiru daidai tsawon amsar wana na wasan, sannan in ci gaba.