Ranar da Inna ta kushe ɗorawarta

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu ta wajen Bagwai, wasu ma'aikatan tsara ƙasa suka zo duba yanayin karkararmu. Za a fitar da sabuwar hanya zuwa kasuwa, ana so a san inda za a bari da inda za a ratsa. Mai unguwa ya ce in yi musu rakiya, ni kuma har da goge babbar riga kamar ni za a auna.

Shugabarsu wata injiniya ce, haifaffiyar birni. Ta yi mini bayanin aikin: su zaga, su ɗauki hoto, su duba ƙasa da itatuwa, sannan su tambayi mutanen wurin abin da suke ji da shi. Inda jama'a suka riƙe da daraja, hanya za ta kauce masa.

Wuri biyu ake dubawa. Ko ta bi ta wani fako na maƙwabcinmu da ko ƙaya ba ya fitarwa, ko ta ratsa ɗorawoyin mahaifiyata, inda ya fi kusa. Gonar ta kawuna ce, amma itatuwan nata ne, gadon mahaifinta. Da kalwarsu take daddawar da ake zuwa nema har daga Kunci.

Tun da safe na ja mata kunne. "Inna, in sun tambaye ki, ki faɗi gaskiyar amfaninsu."

Ta ce, "To, Malam." Haka take kira na in ba ta da niyyar jin maganata.

Da muka isa, injiniyar ta ɗaga kai ta ce, "Kai, Mama, itatuwan nan suna da kyau! Suna yi miki 'ya'ya sosai?"

Na ga fuskar Inna ta canza. A wajenmu ba a yabon abin hannu a gaban baƙo, tsoron kambun baka. Sai ta taɓe baki.

"Waɗannan? Ai tsofaffi ne, 'yar nan. Ba sa komai, sai tara tsuntsaye su cinye wa mutane gero."

Na ce, "Inna! Bara fa har buhu muka ara!"

Ta harare ni. "Kai da kake makaranta, me ka sani?"

Na bi injiniyar ina rantse-rantse cewa al'ada ce kawai. Ta yi murmushi ta ce ta gane, amma ba za ta sa wa mai abu magana a baki ba, sai dai a sake tambayarta. Aka sake. Inna ta ƙara da cewa har tururuwa ta cinye gindinsu.

Muka wuce fakon. Maƙwabcin namu, da ya daɗe yana neman wanda zai kakaba wa wurin, ya zaci masu saye ne. Ya gyara hula ya shiga zuba: nan kakansa ya fara noma, nan albarkar garin take, ƙasar hutawa kawai take yi. Ina tsaye kamar in fashe.

Da taswira ta fito, fakon ne wuri mai daraja a wajen jama'a. Na yi ta zarya ofishinsu, aka ce an riga an kammala. Kafin damina katafila ta zo ta kwantar da ɗorawoyin.

Har yau in na bi hanyar a babur raina sai ya ɓaci. Ba na ganin laifin tambayar mutane, abu ne mai kyau. Amma duk wanda zai auna ƙasarmu da bakinmu, ya fara sanin cewa abin da muka fi so shi muka fi kushewa.

Ita kuwa Inna, yanzu a kasuwa take sayen kalwa. Ranar da aka sare na ƙarshen na same ta zaune kan kututturen, idonta ya yi ja. Na zaci za ta ce da ta bi shawarata.

Sai ta ce, "Ka gani ko? Yarinyar nan ta ce suna da kyau, ko tubarkalla ba ta ce ba."