Kalba Ukun Da Ban Yi Wa Inna Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan mujalla, yau dai na ce bari in sauke nawa ko zuciyata ta samu sauƙi. A ƙarshen shekarun casa'in ni budurwa ce da ta gama makarantar kwana ta 'yan mata, na dawo gida Anka ina jin babu wanda ya kai ni wayewa a unguwarmu. Ga baki, ga kafiya, ga iyayi, in na ce ga yadda za a yi to sai dai kowa ya haƙura. Ni kaɗai ce ɗiya mace wurin Inna. Baba ya rasu tun ina ƙarama, yayyena maza kuwa kowa na fama da gonarsa da iyalinsa, don haka ni da Inna muke zaune a sashenmu.

A makaranta mun yi wata malama 'yar kudu da ta zo bautar ƙasa, wadda ba ta kitso ko kaɗan, saisaye take yi irin na maza. Mun sha musu a ɗakin kwana a kan kanta. Wasu su ce ta yi kyau, wasu su ce Allah ya kiyashe su. Da kwarkwata ta ɓarke mana wani zango, ni ce ta farko da ta miƙa kai aka saisaye, kuma wallahi na ji daɗinsa. Iska na shiga, babu zafin kitso, wanka ba wahala. Daga nan na zama alƙaliyar kawuna. Yarinya za ta zo ta ture ɗankwali ta tambaye ni ko saisaye zai karɓe ta, ni kuma in juya ta hagu da dama in yanke hukunci. Mai dogon wuya da ƙananan kunnuwa in ce ta yi, mai faɗin fuska in ce ta bar kaɗan a gaba, mai tsinin ƙeya in ce ta rufa wa kanta asiri. Ranar da Inna ta fara ganin kaina ta yi dariya har da hawaye, ta ce na koma ƙwaryar da aka kife. Da ta gama dariyar sai ta tambaye ni ina na kai gashin, ta ce gashin mutum binne shi ake yi, ba a barin shi a shara.

Ita Inna gashi gare ta na ban mamaki, ta gado shi wurin kakarta Bafillatana ta wajen Bukkuyum. Ko da furfura ta cinye shi, in aka tsefe yana sauka har tsakiyar bayanta. Da karkashi take wanke shi, ta shafe shi da man shanu. Kuma ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, ita da Gwaggo, yayar Babanmu. Duk macen da ta rasu, Inna za ta tsefe mata kai da hannunta, ta wanke, ta kitsa mata kalba uku ta kwantar a bayanta kafin a sa likkafani. Takan ce wannan ita ce kwalliyar ƙarshe, kuma ba ta taɓa barin wata ta tafi babu ita ba, ko matar da suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Duk lokacin da ta ɗora kanta a cinyata ina yi mata kitso, sai ta maimaita mini magana ɗaya: "Ɗiyata, ran da nat tafi, ke za ki yi min kalba ukun nan. Kar ki bari wani hannu ya taɓa min kai." Ni kuwa in ce haba Inna, don Allah ta bar wannan zance, in ja mata gashi da gangan ta kai mini duka muna dariya.

Wata bazara Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. A asibiti aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta ɗauke. Malamin asibiti ya kwantar mana da hankali, ya ce masu irin wannan ciwo da yawa suna yin shekaru in an kula da su. Muka dawo gida na ɗauki jinya, kuma Allah ya sani ban yi ƙyashi ba. Ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu, ni ke wanke ta. Abin da ya gagare ni shi ne kanta. Kitson da ke kai ya tsufa, ba ta iya zama a tsefe shi, ga zafi, ga gumi dare da rana. Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule a ƙeya, ƙuraje suka feso a ƙarƙashi suna ruwa, har wari ya fara tashi. In na sa tsinke zan tsefe sai ta yi wani nishi da ke tsinka mini zuciya.

Sai ilimin nan nawa na makaranta ya motsa. Ban shawarci Gwaggo ba, domin na san ba za ta yarda ba, na bari sai da ta tafi suna wani ƙauye wajen Gummi. Da hantsi na ɗauko almakashi na zauna kusa da Inna, na kama haɓarta na juya fuskarta hagu da dama yadda nake yi wa 'yan ɗakinmu. Na ce mata tana da dogon wuya, kunnuwanta ƙanana, saisaye zai karɓe ta fiye da malamarmu, kuma kafin lokacin kaka gashin ya tofo. Ina kai almakashin sai ta cafke mini wuyan hannu da hannunta na hagu. Ban san sauran ƙarfi irin wannan ya rage a jikinta ba. Tana kallona, leɓenta na rawa, tana fitar da wani sauti da ba kalma ba ne. Ba zan yi ƙarya in ce ban gane ba, na gane sarai. Na dai ce a raina Inna ba yanzu za ta tafi ba, ciwon da ke gabana shi ne abin ji. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya ina lallashinta, na danne hannun da gwiwata, na yanke gashin tas. Da na gama na wanke kan na shafa magani, na ɗauko madubi na ce, "Wallahi Inna ya yi miki kyau." Ta juya fuskarta bango.

Abin da har yau ke damuna shi ne gaskiya na faɗa. Ya yi mata kyau ƙwarai, fuskarta ta fito fes kamar ta yarinya. Ƙurajen ma suka bushe, warin ya tafi, na riƙa jin na yi abin kai. Gashin na ƙunshe shi a tsumma na binne bayan rumbu yadda ta koya mini. Sai dai daga ranar Inna ba ta ƙara yarda mun haɗa ido ba. Takan karɓi kunu in na ba ta, amma idonta na wani wuri, hannunta na hagu kuma kullum yana dafe da ɗankwalinta, ko Gwaggo ba ta bari ta zame shi. Na ce fushi ne na ɗan lokaci, in ya tofo za mu shirya. Ruwan farko ya sauka, mutane suka fita shuka, wata rana bayan azahar Inna ta cika a hannuna.

Gwaggo ta haɗa ruwa da ganyen magarya, ta kira ni ɗakin, domin ta san wasiyyar da aka bar mini. Da ta zame ɗankwalin sai ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallon kan, sannan ta ɗago ta ce, "Mi kinka yi, ɗiya?" Na fara zuba bayani, ƙuraje, zafi, wari, ta ɗaga mini hannu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi in matso in gwada kalbar. Na durƙusa na sa yatsuna, gashin bai kai gaɓar yatsa ba. In na kamo nan sai can ya suɓuce, na yi ta kamawa yana zamewa, hawaye na ɗiga a goshinta. Na tashi da gudu na nufi bayan rumbu na hau tono da hannu kamar mahaukaciya, wai ko in kitsa wanda na binne a sa mata. Ruwa ya jiƙa wurin, gara ta riga ni, ruɓaɓɓen tsumma kawai na ciro da laka. A waje maza na ta aiko cewa a hanzarta, yamma na yi. Na koma ɗakin da laka a farce. Gwaggo ta sa na wanke hannu, ta miƙo mini tsinke ta ce in tsaga kan gida uku ko babu abin kitsawa. Na ja layi biyu a kan Inna, Gwaggo ta ja likkafani ta rufe.

Bayan kwana bakwai wani yayana ya kai maganar wurin malamin unguwa, don ya ga na daina cin abinci. Malam ya aiko cewa kalbar nan ba farilla ba ce, babu abin da ya ragu a wankan Inna, kuma wanda ya yi abu don jinya Allah na duba niyyarsa. Na yarda da maganarsa, har yau na yarda. Amma ni ba hukuncin ne ya hana ni sukuni ba. Matar da ta yi wa matan unguwa kaf kwalliyar ƙarshe, abu ɗaya tak ta roƙe ni, kuma ta sake roƙona da hannun da ya rage mata, na danne shi da gwiwa.

Yanzu ina aure a Gummi, 'ya'yana sun tasa. Tun kafin Gwaggo ta rasu na fara bin ta wankan gawa, yau ni ake kira a unguwarmu. Duk macen da na yi wa kalba, ta farko da ta biyu lafiya lau, ina kama ta uku sai in ji an riƙe mini wuyan hannu, daidai wurin, har sai na tsaya na yi salati. Almakashi kuwa ko na ɗinki ba na son ɗauka. Kwanaki ɗiyata ta dawo daga makaranta ta ture ɗankwali tana tambayata ko saisaye zai karɓe ta. Na dube ta, dogon wuyan Inna ne da ƙananan kunnuwanta, na tashi na shige ɗaki.

Ban rubuto don in ce gajeren gashi laifi ne ba. Yana yi wa mata da yawa kyau, kuma mai kai ita ta san abin da take so da kanta. Kirana ga masu jinya ne, musamman masu jinyar iyayen da bakinsu ya mutu. Don Allah kada gajiya ko ganin kun fi su sani ya sa ku yanke musu abin da ba ya komawa. Ku nemi shawarar manya, ku rage kaɗan inda ciwon yake, ku yi haƙuri da tsifa ko za ta ɗauki mako. In mara lafiya ya riƙe muku hannu, magana yake yi, ku tsaya ku ji. Ni na tsaya duba ko zai yi wa Inna kyau, kuma ya yi mata, amma ita ba kyau ta roƙe ni ba. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, ni ma ya roƙa mini Allah ya sa ta yafe mini kafin ta cika, domin ban samu na ji daga bakinta ba.