Maƙogwaron Mboja, Zuciyar Shaame

Daga Babban Likitan Zuciya na tsibirin Pemba baki ɗaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Shaame Kombo a gidan mahaifiyarsa Bi Time, can bayan garin Wete, yana da shekara ashirin da bakwai. Zuciyarsa ce ta gaji.

Shaame, duk mai tsinkar kanumfari a gonakin nan ya san ka. Da numfashi ya hana ka hawa bishiya, ba ka kwanta a gida ba. Ka koma shanyar kanumfari a tabarmi, kuma in hadari ya taso, na tsofaffi kake fara kwashewa kafin naka. Wani shaƙiyyin yaro ya taɓa ɓoye maka ƙaguwa a kwando. Ta datse maka yatsa, ka dube shi ka ce, "Kai ɗan banza, gobe ka kawo babba, wannan ba ta isa miya ba." Ka dafa ta da kwakwa, kuka ci tare.

Abin baƙin cikin shi ne yadda ciwon ya faro. Kana ƙarami maƙogwaro ya kama ka da zazzaɓi. Aka kai ka wajen mai yankan belu kamar yadda ake kai kowa, ya yanke, ciwo ya lafa, aka yi hamdala. Ashe ba belu ba ne, ƙwayar cuta ce. Jikinka ya tayar mata da sojojin jini, suka fatattake ta, amma ba su koma bariki ba. Ƙofofin zuciya suka yi musu kama da abokiyar gaba, suka far musu. Sai da gwiwoyinka suka kumbura aka ɗebi jininka a asibiti, aka tarar sojojin nan sun yi yawa, shaidar cewa cutar ba ta daɗe da ratsawa ba. Da allura ɗaya ta wadatar tun ciwon yana maƙogwaro. Aka makara, ka ƙare rayuwarka kana shan allura duk wata. Kai da kanka kakan ce, "Sojojina sun fi na kowa himma, hankali ne dai babu."

Bi Time, yanzu ga jikarki Mboja, 'yar marigayi, ko shayi ba ta iya haɗiyewa. Labari ya iso wannan ofishi cewa kin aika a kira mai yankan belu da zarar an tashi daga zaman makoki. A dakata. A kai ta asibiti a duba maƙogwaron.

Allah ya jiƙan Shaame, ya yafe masa, ya sa wahalar numfashin da ya sha ta zame masa kaffara. Allah ya ba mahaifiyarsa da matarsa Asha haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Bi Time, saura magana ɗaya. Babu wani likita, babu ofishi. Ni ne Vuai ɗan ƙanenki, mai ƙaguwar nan, wanda karatunsa bai wuce allo ba. Zancen sojojin a bakin Shaame na haddace shi, yana bayan kekena muna tafiya wajen allura. Na ari sunan likita ne don jiya na faɗa miki da bakina, kika ce, "Tashi ka ba ni wuri, yau ma wasan ne?"

Gwaggo, wannan ba wasa ba ne. Kekena na ƙofar gida, na ɗaura wa Mboja matashi a baya.